Filin Tambaya da Amsa: Gwamnatoci da Rayukan da Ke Salwanta a Kan Titi

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun taɓo batu guda, wato hatsarin mota da abin da hukumomi ke yi, ko suka gaza yi, domin rage shi. Mun zaɓi wasu daga ciki, mun taƙaita waɗanda suka yi tsawo ba tare da sauya manufarsu ba, kuma mun sakaya sunayen marubutan kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne mai ritaya. Tun ina matashi nake jin gwamnatoci suna ƙaddamar da gangamin wayar da kan direbobi, ana liƙa takardu a tashoshin mota, ana shela a rediyo, amma har gobe ba a rasa labarin motar da ta kife da fasinjoji. Shin akwai ƙasar da gwamnatinta ta rage waɗannan mace-mace da gaske, ko kuwa duk fatar baki ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai irin waɗannan ƙasashe, kuma alƙalumansu a rubuce suke. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka rasu a kan titunan duniya a shekarar 2021, wato fiye da mutum 3,200 a kowace rana ta Allah, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Idan aka kwatanta da 2010, adadin ya sauka da kashi 5 cikin ɗari kacal, sai dai wannan ɗan ragin ya lulluɓe bambanci mai girma tsakanin yankuna. Ƙasashe goma, ciki har da Japan da Norway da Denmak da Rasha da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sun rage mace-macensu da rabi ko fiye a cikin waɗannan shekaru, alhali a yankin Afirka adadin ƙaruwa ya yi da kashi 17 cikin ɗari.

Labarin Faransa ya isa a tsaya a kansa. A 1972 an rasa kimanin mutum 18,000 a titunanta cikin shekara guda. Daga shekarar da ta biyo baya aka fara wajabta ɗaura bel a kujerun gaba, aka kuma ƙayyade gudu a manyan hanyoyi, adadin ya riƙa sauka sannu a hankali har ya tsaya a wajen 8,000 a farkon shekarun 2000. A watan Yulin 2002 shugaba Jacques Chirac ya sanya kiyaye hatsarin hanya cikin manyan ayyuka uku na wa'adin mulkinsa, kuma daga ƙarshen 2003 aka fara kafa kyamarori masu auna gudu, waɗanda ke ɗaukar lambar mota a aika wa mai ita takardar tara har gida ba tare da wani jami'i ya tsayar da shi ba. A 2010 adadin ya faɗo ƙasa da 4,000. Babu mai cewa Faransawa sun ƙara haƙuri ko natsuwa a cikin shekaru bakwai; abin da ya sauya shi ne direba ya sakankance cewa idan ya taka mota fiye da ƙa'ida, takardar za ta zo.

Suwidin kuwa ta wata ƙofa ta shigo. A 1997 majalisar dokokinta ta amince da manufar cewa ba za a lamunci rasa ko rai ɗaya a matsayin abin da zirga-zirga ta gada ba, kuma tun da ɗan Adam ajizi ne, zai yi gyangyaɗi, zai yi kuskuren auna nisa, to wajibi ne a gina hanya ta yadda kuskurensa ba zai zama ajalinsa ko ajalin wani ba. Wannan ya ɗora wa injiniyoyi da hukumomin da ke kula da hanyoyi wani kaso na alhaki, maimakon a jibge shi duka a kan direba. Daga nan ne suka yawaita gina hanyoyi masu layi uku, inda layin tsakiya ke komawa hannun masu zuwa na wasu kilomitoci sannan ya koma hannun masu dawowa, tare da shingen igiyar ƙarfe a tsakaninsu, domin direban da barci ya sace ya gogi shinge maimakon ya yi taho-mu-gama da motar da ke tafe. A shekarar da aka amince da manufar sun rasa mutum sama da 500. A 'yan shekarun nan adadin bai kai rabin haka ba, duk da ƙaruwar motoci.

A ganina, Malam, gangamin da ka daɗe kana ji yana da amfani ne kawai idan yana shelar wani abu da zai faru da gaske, kamar dokar da za a fara aiwatarwa a rana kaza. Idan ya zama hukuma ta fito sau ɗaya a shekara lokacin cunkoson bukukuwa, ta yi jawabi, ta raba takardu, ta koma ofis, to direbobi ma sun san lokacin da za su lafa da lokacin da za su koma ruwa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni direban bas ne na dogon zango, kuma na daɗe a wannan sana'a. An tilasta mana sanya na'urar ƙayyade gudu, alhali kowa ya san ramuka ne ke kashe mutane. Ban da haka, idan ban yi sauri na yi sawu biyu ba, ba zan haɗa balas ɗin mai mota ba, balle in samu abin kai wa gida. Me ya sa kullum direba ake gani?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Maganarka ta biyu gaskiya ce tsantsa, ta farkon kuwa rabin gaskiya ce, don haka bari in fara da ita.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idonka ya ga rami zuwa lokacin da ƙafarka ta bar totur ta danna birki, aƙalla daƙiƙa guda ta wuce ko ga direban da ya yi barci isasshe, wato ka riga ka shafe mita 28 kafin tayoyi su fara riƙe kwalta. Bayan haka, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ba ya tafiya daidai da gudu: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ninkawa yake yi sau huɗu. Da dare kuwa, sau da yawa ramin yana bayyana a hasken fitila ne bayan filin da ake buƙata domin tsayawa ya ƙare, sai direba ya murza sitiyari da ƙarfi, motar da ke cike da mutane da kaya har saman rufi ta yi tangal-tangal ta wuntsila. Rami ne ya haddasa abin, babu musu, amma gudu ne ke yanke hukuncin ko taya za a yi asara ko rayuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗarin hatsari mai kisa da kusan kashi 4 cikin ɗari. Wannan bai wanke gwamnatin da ta bar hanya ta lalace ba, kuma direbobi suna da cikakken haƙƙin matsa mata lamba a kan gyara.

Game da na'urar kanta, Kenya ta gwada ta da gaske a farkon 2004, lokacin da ministan sufuri John Michuki ya wajabta wa motocin haya na'urar da ke tsayar da gudu a kilomita 80, da bel a kowace kujera, da daina cusa fasinjoji fiye da adadin kujeru. Masu motoci sun yi bore, mutane sun yi ta tafiya a ƙasa na kwanaki, ministan bai janye ba, kuma hatsarori sun ragu a fili a wannan shekarar. Da aka sauya masa ma'aikata, sa ido ya yi sanyi, makanikai suka ƙware wajen kwance na'urar, mace-mace suka sake hauhawa. A Nijeriya ma, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar a watan Fabrairun 2017. Ko'ina aka je darasin ɗaya ne: na'urar tana aiki muddin ana duba ta a kai a kai, kuma ana hukunta wanda ya kwance ta da wanda ya ba da umarnin a kwance.

Maganar balas ita ce wurin da gwamnatoci da yawa ke kau da kai. Muddin abin da direba zai samu ya ta'allaka da yawan sawun da ya yi da yawan kawunan da ya ɗauka, tsarin biyan ne da kansa ke tura shi gudu da tuƙi cikin gajiya, kuma ba adalci ba ne a hukunta shi shi kaɗai mai motar yana zaune a gida. Dokokin Michuki sun hango wannan, domin sun buƙaci a ɗauki direba da kwandasta aiki na dindindin a riƙa biyansu albashin wata. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, doka ta taƙaita tuƙin direban bas ko na babbar mota zuwa awa 9 a yawancin ranaku, tare da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta duk wannan, kuma idan aka saɓa kamfanin ma yana shan tara. Da ƙungiyoyin direbobi za su karkata ƙarfin da suke kashewa wajen yaƙar na'urar zuwa neman irin wannan doka, da su ne farkon cin moriya, tun da direba ne ke zaune a kujerar da ta fi kusa da wurin karo.

Tambaya: Ƙanena ya rasu a hatsarin babur. Jikinsa babu wani rauni na kirki, kansa ne kawai ya bugu da gefen titi. Masu zuwa ta'aziyya suna cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yarda da ƙaddara, amma zuciyata ta kasa daina tambaya: da yana sanye da hular kwano fa? Kuma me ya sa dokar hular take tasiri a wasu ƙasashe, a wasu kuwa ta mutu?

Amsa: Allah ya jiƙansa da rahama, ya gafarta masa, ya ba ku haƙurin rashinsa, 'yar'uwa. Babu wanda zai iya ce miki ga abin da zai faru da ya sa hular, kuma bai kamata ki azabtar da kanki da wannan tambaya ba. Amma ga waɗanda ke raye, yarda da ƙaddara ba ta hana riƙo da sababi, kuma sananne ne hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Bincike ya nuna cewa hula mai inganci da aka ɗaura daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, tana kuma rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70.

Sharaɗin inganci da na ɗaurawa su ne ginshiƙin maganar. Idan kika juya hular kirki kika ɗaga ƙyallen da ke ciki, za ki tarar da farin soso mai tauri da kauri, irin wanda ake naɗe sabuwar talabijin da shi a cikin kwali. Shi ne ke murƙushewa lokacin karo ya shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ƙwaƙwalwa, ɓawon waje kuwa aikinsa ya hana tsini huda kai ya kuma bar hular ta zame a kan kwalta. Hular ma'aikatan gini ba ta da wannan soso, haka ma hulunan roba marasa nauyi da ake yi don kawai a wuce jami'ai. Hular da ba a ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa ba kuwa tana tashi tun kafin kai ya taɓa ƙasa, wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi kuma ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a jikinta ba.

Biyetnam, ƙasar da babur ya fi kowane abin hawa yawa, ta sanya ranar 15 ga Disamban 2007 a matsayin ranar da dokar za ta hau kan kowa, direba da fasinja, a kowace hanya. An shafe watanni ana shela, an cika kasuwa da huluna, an tsananta tara, kuma da ranar ta zo 'yan sanda suka fito ko'ina a lokaci guda, sai masu sanya hula suka haura kashi 90 cikin ɗari kusan dare ɗaya, ko da yake daga baya ƙasar ta yi fama da hulunan jabu. A Kigali, babban birnin Ruwanda, ɗan acaɓa yana ɗauke da hula ta biyu domin fasinjansa, kuma abin ya zama jiki saboda an dage kan aiwatar da dokar. A Nijeriya an fara tilasta dokar ranar 1 ga Janairun 2009, aka ga wasu masu babura sun kifa ƙwarya ko tukunya ko bokitin fenti a ka, bayan ɗan lokaci kuma maganar ta bi ruwa a mafi yawan wurare. Bambancin yana ga shiri da dagewa: a samar da hula mai inganci wadda talaka zai iya saye kuma mai ramukan shan iska saboda zafi, a hana shigo da ta jabu, sannan a tsaya kan doka shekara da shekaru. Masu ƙyamar sanya hular da wani ya sanya suna iya ɗora ta a kan hular yadi mai laushi ko ɗankwali.

Tambaya: Ni ɗalibi ne. Abin da na lura shi ne duk lokacin da aka ƙara kuɗin tara, na goron da ake miƙawa a shingen bincike ne ke ƙaruwa. Wace fa'ida ke cikin tsananta hukunci?

Amsa: Ka lura daidai, ɗana. Masu nazarin wannan fanni sun daɗe da gano cewa tabbacin kamu ya fi girman hukunci tasiri a kan halin direba. Tara mai tsanani wadda kowa ya san ana iya sasantawa a bakin hanya ba ta hana komai, sai ma ta ƙara wa mai karɓar rashawa ƙarfin ciniki. Shi ya sa gwamnatocin da suka yi nasara suka raba hannun jami'i da kuɗi: kyamara ce ke kamawa, ta banki ake biya, kuma mai ƙorafi yana da kotun da zai je.

Sifaniya ta ƙara da tsarin maki a watan Yulin 2006. Ana ba direba maki 12, sabon direba 8, kowane babban laifi yana cin wasu, idan suka ƙare a karɓe lasisi. Amfanin wannan shi ne mai kuɗi da talaka duk maki ɗaya suke da shi, kuma babu wanda ke son ya rasa lasisinsa. Tare da wasu matakan, mace-macen ƙasar sun sauka daga sama da 5,000 a 2003 zuwa ƙasa da 1,700 a 2013. Sai dai kyamara da maki ba sa aiki sai an san mai kowace mota da inda yake zaune, kuma sai lasisi ya zama abin da ake samu bayan gwajin tuƙi na gaskiya. Inda mutum zai ba da hoto da kuɗi a kawo masa lasisi gida, ko ya sake wani da sabon suna idan an karɓe na farko, sayen kyamarori asarar dukiyar jama'a ce. Abu biyu kuma suna zubar da mutuncin doka da sauri: a mayar da tara hanyar tara kuɗin shiga har a yanka wa jami'ai adadin da za su kawo, da kuma jama'a su ga ayarin motocin manya yana keta danja da jiniya babu mai ce masa uffan.

Tambaya: Ni shugabar makarantar firamare ce. An gyara babban titin da ke gaban makarantarmu, an faɗaɗa shi, mun yi murna, amma yanzu motoci kamar za su tashi sama. An gina gadar masu tafiya a ƙafa, sai dai tana da nisa, yara da iyayensu ba sa hawa. Me ya kamata mu nema daga hukuma?

Amsa: Malama, Allah ya tsare miki waɗannan yara. Abin da kika gani ya faru a wurare da yawa: sabon titi mai santsi da faɗi da ya ratsa tsakiyar jama'a yakan fi tsohon kisa, domin ramukan da aka cike su ne dā ke tilasta wa direbobi rage gudu, kuma ba a maye gurbinsu da komai ba. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a titunan duniya masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur, amma har yanzu ana zana hanyoyi da yawa kamar mota kaɗai za ta bi su.

Jikin mutum yana da iyakar bugun da zai iya ɗauka. Karo da mota mai gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma haɗarin mutuwar wanda aka buge yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga 50 zuwa 65. A gudun 30 kuwa mafi yawan waɗanda aka buge suna rayuwa. Wannan ne ya sa taron ministoci na duniya da aka yi a birnin Stockholm a watan Fabrairun 2020 ya yi kira da a mayar da kilomita 30 iyakar gudu a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙafa, Sifaniya kuma ta mayar da hakan doka a yawancin titunan cikin garuruwanta a watan Mayun 2021. Holan ta sha wannan darasi tun da wuri: a 1971 ta rasa mutum sama da 3,000, ciki har da yara fiye da 400, iyaye suka fito zanga-zanga, kuma matsin lambarsu ne ya sa aka fara sake fasalin titunan unguwanni.

Gadar sama ba ta cika magance irin matsalarku ba. Tana tilasta wa tsoho da mai juna biyu da mai keken guragu da mai ɗauke da kaya su yi zagaye su hau matakala, tana kuma ba direba tabbacin cewa titi nasa ne shi kaɗai, sai ya ƙara wuta. Wurinta shi ne babbar hanyar da aka killace gaba ɗaya. Ku abin da za ku nema a rubuce, da sa hannun iyaye da shugabannin unguwa, shi ne a mayar da gaban makarantar yankin kilomita 30, a gina wurin tsallakawa mai tudu daidai inda yaran suka saba tsallakawa, a sa tsibiri a tsakiyar titi domin yaro ya tsallake hannu ɗaya ya tsaya kafin ya fuskanci ɗayan, a kuma yi dakalin tafiya a gefe da fitilun dare. Allo da fenti kaɗai ba sa rage gudu. Tudun rage gudu ma sai hukuma ta gina shi bisa awo, da alama tun daga nesa, domin wanda jama'a ke ginawa cikin fushi bayan an buge yaro yakan kayar da masu babur da dare. Kafin a amsa muku, idan makarantar tana da bango a wani ƙaramin layi, mayar da ƙofar fita can, tare da tsayar da babba guda a bakin titi lokacin zuwa da tashi, abu ne da ke hannunku tun gobe.

Tambaya: Na ji an ce wata ƙasa ta hana shigo da tayoyin gwanjo. Shin da gaske ne, kuma yaya mutum zai gane tsohuwar taya?

Amsa: Da gaske ne, Alhaji. Bayan karon bas biyu a yankin Kaffrine na Senegal a watan Janairun 2023, wanda ya ci rayuka kusan 40 kuma aka danganta shi da fashewar taya, gwamnatin ƙasar ta sanar da hana shigo da tayoyin gwanjo da hana motocin fasinja tafiya tsakanin garuruwa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba. Gane shekarun taya kuwa ba wuya. A gefenta akwai jerin haruffa da lambobi da ke farawa da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba tana bushewa ko ba a yi tafiya da ita ba, don haka tayar da zanenta ke da zurfi tana iya zama tsohuwa, kuma ƙananan tsage-tsage ko kumburi a gefe sun isa dalilin ajiye ta.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Sau da yawa waɗanda ake kawo mana sun daɗe a kwance a gefen hanya, mutane sun kewaye su suna ɗaukar hoto, kowa yana tsoron idan ya taimaka za a riƙe shi a matsayin mai laifi ko a ce ya biya kuɗin magani. Akwai abin da gwamnati za ta iya yi a kan wannan?

Amsa: Akwai, Malama, kuma yana cikin matakan da ba sa cin kuɗi da yawa. Indiya, wadda ta rasa mutum sama da 168,000 a titunanta a 2022, ta yi fama da irin wannan tsoro, har Kotun Ƙolin ƙasar ta ba da kariya ga masu taimako a 2016, aka kuma shigar da ita cikin dokar ababen hawa a 2019. A ƙarƙashinta ba a tilasta wa wanda ya kawo mai rauni asibiti ya faɗi sunansa, ba a riƙe shi, ba a ce ya biya, kuma ba a gurfanar da shi kan abin da ya faru yayin da yake taimako da kyakkyawar niyya. A Nijeriya, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba mutum agajin gaggawa bisa kowane dalili. Irin waɗannan dokoki ba sa amfani sai ɗan sandan da ke bakin aiki da ma'aikacin da ke teburin karɓar marasa lafiya da direban da ke wucewa duk sun san da su, kuma nan ne wayar da kai ta rediyo take da gurbi na gaske.

Bayan doka, ana buƙatar lambar gaggawa guda ɗaya, gajera, kyauta, wadda ake ɗauka idan an kira, da motocin ɗaukar marasa lafiya da aka girke a kan manyan hanyoyi maimakon a harabar ma'aikatu, da asusun da zai biya wa asibiti kuɗin awannin farko. Inda motocin ba su wadata ba, horar da direbobin haya da masu babura agajin farko yana da tasiri, tun da su ne ke fara isa wurin. Abin da za a koya musu bai da yawa: su fara kafa alama daga nesa domin kada wata mota ta afka wa taron, su kashe injin, su hana shan taba kusa da mai, su danne wurin da jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta ba tare da ɗagawa suna leƙawa ba, kada su ba mai rauni ruwa ko abinci, kada su cire wa mai babur hularsa sai idan tana hana shi numfashi, kuma idan dole ne a ɗaga shi, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe, sauran su ɗaga jiki gaba ɗaya a kan allo ko ƙofa maimakon a ja shi ta hannu da ƙafa a cusa a bayan mota.